Ranar da Inna ta ƙi yi wa ɗan farinta shaida

Yayana ya shekara biyu a gidan yari yana jiran shari'a. A kasuwar Shinkafi aka kama shi da saniyar da aka ce ta sata ce, alhali saye ya yi. Can ciki tari ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, don ɗakin ko wurin miƙe ƙafa babu.

Wata lauya 'yar kudu da ke zaune a Kaura Namoda ta tausaya mana, ta shigar da ƙara. Ba ma sakinsa muka roƙa ba, asibiti kawai muke so a kai shi. Gandurobobi suka ce lafiyarsa lau, ba su kuma kawo shi kotu ba. Sai ya zama shaidarmu ɗaya ce tak, Inna, don ita kaɗai aka bari ta shiga ranar ziyara.

Abin da lauyar ba ta sani ba, mu ma ba mu yi tunanin gaya mata ba, shi ne Yaya ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun da na tashi a Gurbin Bore ban taɓa ganin Inna ta dube shi ido cikin ido ba.

Ranar zaman kotu alƙali ya ce wa Inna, "Baba, wane hali kika iske ɗanki?"

Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, mi zan ce? Ni ban dube shi ba."

Lauya ta miƙe, ta lallaba, ta sake tambaya. Ina! Inna ta ƙara jan mayafinta. Wallahi ji na yi kamar in tashi in girgiza ta. Alƙali ya ce kotu ba ta aiki da jita-jita, babu shaida, ya kori ƙarar.

A motar komawa gida haushin Inna ya cika ni. Sai da muka kusa Zurmi, fasinjoji suka ragu, ta matso kusa da kunnena. Ta ce ƙafarsa ta hagu ta fashe tana ruwa. Ta ce ya yi tari a hannun riga, ya naɗe don kada ta ga jinin. Har haƙorin da ya fita ta faɗa mini.

Yaya bai kai kaka ba. Gawarsa kam sun kai ta asibiti.