Mashayar Ayu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe safiyar da ayu ya ɗago hanci a gabana ba. Ku matso, ku da aka kawo ofishin gandun daji bana, ku ji yadda Badauri ya yi aikin teku.

A shekarata ta huɗu aka yi mini canji daga nan Daura zuwa wani keɓaɓɓen yanki a bakin teku, can kudu, inda aka hana farauta da saran itace. Ni da ban taɓa leƙa ruwan da ya fi na rijiyar Kusugu zurfi ba! Muƙamina ƙaramin jami'in sa ido. Bayan asuba mukan shiga kwalekwale, mu auna gishirin ruwa da zafinsa, mu duba lafiyar itatuwan nan masu tsayuwa cikin ruwa saiwoyinsu a waje, mu rubuta duk dabbar da muka gani. Ruwan ma ba ya zama wuri guda. Sau biyu a yini yake janyewa ya dawo, ba mai korarsa, ba mai kiransa. Na yi watanni ina jin kamar barci nake ban farka ba.

Shugabarmu 'yar can ce, Madam muke ce mata, mace mai kaifi ɗaya. Wata Litinin ta tara mu ta ce takarda ta zo daga hedikwata. Akwai wani lungun ruwa da aka sa cikin yankin saboda ayu kawai, ƙatuwar dabbar ruwan nan mai cin ciyawa, kuma an daɗe ba a ga ko ɗaya ba. In wata ya ƙare ba mu kai shaida ba, za a cire lungun daga taswira. Masu haƙar yashi kuwa da injinansu suna jira.

Mako biyu muna zagaye tsakiyar ruwa, ko wutsiyar ayu ba mu gani ba. Rannan idona ya kai gaɓa, na ga ciyawar bakin ruwa an yagi kanta, an bar gindin. Ni ɗan makiyayi ne, bayan shanun mahaifina na girma a dajin Mai'adua. Na ce, "Ranki ya daɗe, an yi kiwo a nan."

Ta ce, "Haruna, ciyawa ba shaida ba ce."

Na ce, "Gaskiya ne. Amma duk abin da ke kiwo yana da mashaya. Wannan ruwan gishiri ne, ina yake sha?"

Ta ce lallai ayu na neman ruwan daɗi, amma bakin kogin da aka sani jiragen inji sun cika shi, an kuma yi gadi a can an gaji. Na ce to akwai wata mashayar. Ta ba ni kwana uku da wani tsohon masunci mai tuƙa mu, wanda kowa ke kira Baba.

Na'urar auna gishiri ɗaya ce tak, tana hannun wata tawaga. Sai na koma ga harshena. Baba na tuƙi a hankali, ni ina tsoma yatsa ina lasa, lungu bayan lungu, har leɓena ya tsattsage. Baba dariya kawai yake, wai an kawo masa ɗan Arewa zai shanye teku. A rana ta uku, ƙarƙashin wasu saiwoyi, na lasa na tsaya. Na ɗebo da tafin hannu na kurɓa. Ruwa ne garai, mai sanyi kamar na randa, yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

Washegari da sassafe muka koma da Madam. Ta miƙa mini kyamara ta ce, "Kai ka samo wurin, kai za ka ɗauka." Baba ya ajiye filafilin tuƙi. Tururi na tashi daga kan ruwa, itatuwa sun zama biyu-biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, har ka rasa a wace duniyar kake zaune. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Sai na ji numfashi, fuuu, irin na saniya in ta ɗago kai daga ƙwarya.

Hanci ne, baƙi, mai faɗi. A gefensa wani ɗan ƙarami ya ɓullo, ya ja iska, ya manne da uwar. Wallahi raina ya tafi gida. Ina ganin garkenmu da safe, ina jin ƙamshin hayaƙin ruga, ga mahaifina tsugune yana tatsa. Har suka nutse, ruwa ya rufe, ban motsa ba.

Madam ta ce, "Ka ɗauka?"

Na dubi kyamara a cinyata. Na ce, "Ban ɗauka ba, ranki ya daɗe."

Kunya ta kama ni, da ƙasa ce da na nutse. Saura kwana huɗu, dabbar da aka daɗe ana nema ta kawo kanta, na saki baki ina kallo. Madam ba ta yi faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo. Muka jira har rana ta ɗaga, ba su dawo ba.

Za mu juya ke nan Baba ya nuna da haɓa. Wani ɗunƙulen abu kore-kore na yawo kan ruwa, yana neman wuce mu. Ɗan makiyayi ai ba a koya masa kashin dabba. Kwalaben awo suna can ƙarshen jirgi, sai na cire hulata, sabuwa fil, na kamfato shi. Madam ta yi dariya har da hawaye. Aka kai ɗakin gwaji, aka tabbatar na ayu ne. Da wannan da rahoton mutum uku, lungun ya zauna cikin taswira, injinan yashi suka juya.

To kun ji. Abin da kuka koya a gidan ubanku kada ku bar shi a ƙofar ofis, zai yi muku rana. Amma hedikwata ba ta karanta abin da ido ya gani. In Allah ya nuna muku abin mamaki a bakin aiki, ku danna kyamara tukuna, sannan ku ce subhanallahi. Ni na ce tawa kafin na danna, ga shi na tsufa ba ni da hoton da zan nuna muku.