Dattijon da Ya Kawo Gyaran Waya

Ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin Kasuwar Gombe, kuma Allah ya yi ni da baki. In aka taɓo zancen na'ura, ko ba a tambaye ni ba sai na zuba. Mahaifiyata takan ce ba a ba ni sirri sai in ana so unguwa ta ji.

Aminina, wanda muka tashi tare a Dawaki, ma'aikacin gwamnati ne, mai haƙuri da kunya. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, son buga gem a kwamfuta, kuma ni ma wannan ciwon ina da shi. Yana cikin neman auren wata malamar makaranta a Tumfure aka fito da laftof masu sabon katin girafik, wato abin da ke sa hoton gem ya fito tas ba ya maƙalewa. Katin tsaka-tsaki ne, bai kai na masu hannu da shuni tsada ba, amma yana jan duk gem ɗin da muke bugawa. Ni na zuga shi ya saya, ni na sa aka kawo daga Kano, kuma a shagona ya bar ta in saka masa abubuwa.

Ina cikin wannan aikin wani dattijo ya shigo da tsohuwar waya, wai ba ta caji. Farar riga ce a jikinsa, fes, ga carbi. Na ce ya dawo anjima, ya ce a'a, zai jira. Ya zauna a benci yana kallon fitilun da ke walƙiya a madannan laftof ɗin.

"Wannan kuma ta waye mai kwalliya haka?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Au, ɗan tsohon hedimastan nan? Yaya yaron yake?"

Nan na ware. Na ce ai babu irinsa a natsuwa. Na ce duba, Baba, wani da babban katin zai ɗauka don a gani, shi ya tsaya a na tsakiya, ka ga mutum mai lissafi. Dattijon ya gyaɗa kai, ya tambayi amfanin katin. Maimakon in ce aikin hoto ne in kama bakina, sai na kunna masa gem. Na nuna masa inuwar bishiya, da hayaƙin bindiga, da yadda ruwa ke ƙyalli. Daɗi nake ji na samu mai sauraro.

"To shi yaushe yake samun lokacin wannan?"

"Yana tasowa daga ofis, Baba. In ya zauna sai abinci ya huce."

"In aka kira salla sai ya tsayar ke nan."

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Na ce, "Baba, ai wannan onlayin ne, ba a tsayar da shi. Kai da mutane ne kuke fafatawa, in ka tashi ka kashe 'yan ƙungiyarku. Sai an gama zagayen mutum ya je ya rama." Ya ce, "Ikon Allah." Ya karɓi wayarsa, datti ne kawai a wajen cajin, ya yi godiya ya tafi.

Da lokacin zuwa tambayar aure ya yi, mahaifin aminina ya ce in raka su, shi da ƙaninsa, in riƙe goro da alawa. Na sa babbar rigata, har da turare. Muka hau keke mai ƙafa uku muka miƙa Tumfure, ta tsakanin sababbin gidaje da gonakin masara. Aka yi mana iso zuwa zaure, na sunkuya zan gaisa, sai ga farar rigar nan da carbin nan a kan darduma. Baffan yarinyar ne, waliyyinta. Ashe ba gyara ya kai shi shagona ba, bincike ya je yi, kamar yadda kowane gida ke yi kafin ya ba da 'yarsa. Kowa a garin nan ya san haka ake yi, ni ma na sani.

"A'a, mai gyaran waya! Ka ga har yau tana caji."

Na samu gefe na zauna. Bayan gaisuwa da addu'a, dattijon bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na faɗa ba. Ya maimaita maganata daki-daki, har da abincin da ke hucewa, har da 'yan ƙungiya. Ya ce bai ji ta a bakin maƙiyi ba, a bakin amini ya ji, kuma yabo ake yi. Ya ce ba ya ƙin yaron, amma mai ce wa ladan ya jira, ba ya jin zai tashi don kukan 'yarsu. Ya ce a yi haƙuri, a koma da goron.

Tsohon hedimasta, mutumin da ko gyaran murya ya yi muke natsuwa, ya sunkuyar da kai yana jan zaren darduma. Na so in ce ba kullum ba ne, na so in ce yaron nan shi ke kai mahaifiyarsa asibiti, shi ke riƙe da karatun ƙannensa. Wannan bakin nawa da bai taɓa gajiya ba, ranar ko motsi ya kasa yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muka hau keke muka kamo hanyar gida. Ƙunshin goron yana kan cinyata, damshinsa ya jiƙa mini riga. Mun yi nisa kafin tsohon ya juyo.

"Abin da ka faɗa masa, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

Ya mai da kai yana kallon hanya. Da zagina ya yi da na ji sauƙi.

"Ɗana ne, ɗakinsa yana kallon nawa, amma sai a zauren mutane na ji." Ya share fuska da hannun riga. "Yana gida yana jiranmu, tun safe ya kasa cin komai. Kai ka shiga ka faɗa masa an ce a'a. Ni yau ba zan iya haɗa ido da shi ba."