Shan Hantsi a Kan Mukattam

A garinmu rana abar gudu ce. Sai da na zo Alƙahira na ji an ba mutum ita a matsayin magani.

'Yata ta fara tafiya ke nan na lura ƙafafunta suna yin baka. In ta tsaya, gwiwoyin ba sa kusantar juna. Na faɗa wa Malam, babanta, ya ce nauyin jiki ne, za su miƙe. Hankalina bai kwanta ba. Duk wankan da zan yi mata sai na haɗa ƙafafun a tafin hannuna na duba. Da muka je wurin likita, sai ta tambayi irin ɗakin da muke ciki. Ɗakinmu a unguwar Arba wa Nus can ƙasan bene yake, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, in ka miƙa hannu ka taɓa shi. Shanya ma kwana take ba ta bushe ba. Likitar ta ba mu maganin ɗigawa a baki, ta yi bayani da Larabci, babanta yana fassara mini: a bar yarinya ta sha rana, hannu da ƙafa a buɗe, ta kuma riƙa takawa.

To ina? Saman benen mai gida ya sa masa kwaɗo saboda tantabarunsa. Lungunmu kuwa na tuk-tuk ne, wato a-daidaita-sahu, da ruwan wanke-wanke. Wani abokin karatun Malam ne ya ce akwai hanya a kan dutsen Mukattam, bayan gidajen masu hali, mutane na hawa da safiyar Juma'a.

Na goya 'yata da zane, na zumbula hijabi, ni da Malam muka shiga mikrobas, ƙaramar motar haya. Inda aka sauke mu ko takarda babu a ƙasa. Katangu da furanni sun leƙo ta kansu, wani na fesa wa ciyawa ruwa kamar ba sayensa ake ba. Daga ƙarshen katangun hanyar ta miƙe sama, farin dutse mai gari, silifana sai zamewa suke. Mutane na wuce mu da sanda a kowane hannu, alhali ƙafafunsu lafiya lau. Wasu na jan karnuka. Na ga wanda ya tsuguna yana ba karensa ruwan roba a tafin hannu.

Wasu samari suka wuce, ɗaya ya ce, "Ya shokolata," wai cakulan saboda baƙar fatarmu, sauran suka yi dariya. Na ja hijabi na rufe kan 'yata.

Malam ya ce, "Ke, sauke ta mana. Ranar fa muka zo nema."

Na ce, "Malam, ba ka ga karnuka ba?"

"Karnukan nan sun fi ni cin nama, me za su yi da 'yarki? Yalla, sauke ta."

Na ce sai mun kai sama.

Da muka kai, birnin duk yana ƙarƙashinmu cikin hayaƙi. Rana kuwa ga ta nan ko'ina, tana zuba a kan duwatsun da ba su da buƙatarta. Na kwance goyon, na naɗe mata wando har cinya, na tsayar da ita. Ta runtse ido, ta yi atishawa, sannan ta ƙyalƙyale da dariya. Ta fara takawa tana bin inuwarta, tana son ta kama ta. Ban taɓa ganin ta da inuwa ba sai ranar.

Ba ta yi nisa ba wata mata mai baƙin tabarau ta tsaya a kanta. Ta ce, "Ya haram," da muryar tausayi, ta durƙusa, ta kama gwiwar 'yata tana jujjuyawa kamar mai zaɓen tumatir. Ta kira ƙawarta. Ƙawar ta ɗaga waya ta ɗauki hoton ƙafafun. Mai tabarau ta nuna zanen da ke hannuna, ta yi magana mai tsawo.

Na ce, "Me take cewa?"

Malam ya kalli ƙasa. "Ba komai."

"Ina jin sunan uwa a bakinta. Faɗa mini."

"Wai ɗaurin da kike mata a baya ne ya lanƙwasa ta."

An goye ni, an goye uwata, ƙafafunmu sambal. Na san amsar, Larabcin ne ba ni da shi. Na ɗauke 'yata, na saɓa ta a baya, na ɗaure zanen a gaban matar, na saukar da hijabi.

Na ce, "Ka ce mata ta goge hoton."

Ya ce, "Ma'alish, ba da mugun nufi ta yi ba. Mu baƙi ne, kada mu ja wa kanmu magana."

Har godiya ya yi musu da za su tafi.

Duk gangarowar 'yata kuka take, tana turo kai ta gefen hijabin wajen haske, ni kuma ina mayar da shi. Da yamma na ji Malam yana gaya wa mahaifiyarsa a waya cewa mun kai ta ta sha rana, komai tamam.

Da wata Juma'ar ta zo ya ce mu koma, na ce ba inda za ni. Akwai fasasshiyar taga a matakalar benenmu, kafin azahar rana na shigowa ta nan, faɗinta bai wuce faifai ba. Nan nake zaunar da ita, in sa ƙafafun a ciki, ranar na matsawa ina matsar da ita, maƙwabta na tsallake mu. Ƙafafun har yau ba su gama miƙewa ba.

Goyo kuwa na daina. Ban yarda da maganar matar ba ko kaɗan. Amma duk sanda na ɗauko zanen sai in tsaya ina kallon gwiwoyin, daga ƙarshe in ninke shi in ɗauke ta a kafaɗa.