Bidon Kawu Laminu

Duk Damargu babu wanda ya kai ni sanin fili. In na kalli ƙasa sau ɗaya, zan gaya maka abin da za ta kai bayan damina biyar. Mutum guda ne bai taɓa yarda da haka ba: marigayi Kawu Laminu, ƙanen mahaifiyata.

Kun dai san shi, ba ya auna fili da mita. Bido, wato jarkar ruwa, yake cikawa a famfon unguwa, ya ɗora a ka, ya taka har wurin. In ya sauke sau ɗaya a hanya, fili ya yi. Sau biyu, a rage kuɗi. Sau uku, ya juya gida ko sallama babu. Wani dillali ya taɓa ce masa, "Baba, mita ɗari shida ne fa." Ya ce, "To, mitar za mu sha?"

Gidansa kuwa na bayan kasuwar Tanut, in ka yi miƙa a tsakar gida sai ka dungure maƙwabta biyu. An yi an yi ya sayar ya koma waje, ya ce daga shimfiɗarsa yake jin farashin gero, wa zai ba shi wannan a daji?

Da na samu nawa filin a hanyar Tarka, kuɗin ɗaki guda na cikin gari, faɗi kuwa sai ka yi kiwon raƙuma, ba abin da nake so irin Kawu ya ce na yi dabara. Na kira masa kabu-kabu, ya ƙi hawa. Ya ce wuyansa ya tsufa, ni zan ɗauki bidon, shi yana biye da ni da sandarsa. Na sauke sau bakwai. Da muka isa ya sha ruwan, ya yi alwala, ya tambaye ni ko nan ma hukumar Tanut ce ke mulki.

Na dai yi ginina. Ina fita bayan asuba, in isa shago ana neman abincin rana.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi ruwan da ba a ɗauka a ka. A ciwonsa na ƙarshe na zauna gefensa na ce, "Kawu, ko yau ka yarda? Gidana ne kaɗai zai ɗauke dangi kaf."

Ya riƙe hannuna ya ce, "Zai ɗauka, Sanusi. Amma kada a yi mini zaman makoki a can. Ba na son mutane su yi sallar ƙasaru saboda ni."