Murar da ke jiran sujada

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, aka kira ni da hantsi cewa san huɗa ya tunkuyi yayana a ƙauyenmu, can gefen Kebbe. Farkon damina ne. Ya sunkuya zai ɗaura masa karkiya, san ya girgiza kai, gindin ƙahon ya same shi tsakanin hanci da ido. An ce ya ɗan suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, har ya taka zuwa gida da ƙafarsa.

Da na isa na tarar fuska ta kumbura, an riga an kai shi wurin maɗori ya daidaita karan hancin. Kowa na cewa Allah ya kiyaye, tunda idon bai fashe ba. Ni ma abin da na ce ke nan.

Bayan kwana uku na koma dubiya. Kewayen idanunsa ya yi baƙi ƙirin, har wanda ƙahon bai taɓa ba. Ya tambaye ni ko an gama huɗar gonar fadama, na ce an gama. Muka shiga wata hirar, can sai ya sake tambaya. Sau uku ina amsa masa, ina cewa a raina ai damuwar gona ce.

Da zan tafi, matarsa ta tsai da ni a bakin zaure.

"Malam, murag ga tashi ba ta yi min kama da mura ba," in ji ta. "Hancin dama kaɗai ka zuba. In ya yi sujada sai ruwa ya zubo garau. Kuma ƙyallen da shika sharewa, in ya bushe ba ya ƙandarewa."

Ni kuwa, malamin makaranta guda, na gyara tsayuwa na yi mata darasi: duk wanda ya fasa hanci dole ya yi majina. Har na aika a sayo masa maganin mura a kemis. Ta ce to.

Amma a hanyar komawa maganarta ta ƙi barin kaina. Na sha yin mura a rayuwata, ban taɓa ganin wadda ke jiran mutum ya yi sujada ba. Da na iso Tambuwal na leƙa wurin maƙwabcina, ma'aikacin jinya ne, na ba shi labari kamar abin dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce in kira yayan nawa in tambaye shi ɗanɗanon ruwan idan ya gangara maƙogwaro.

"Gishiri-gishiri nika ji," in ji Yaya a waya. "Kuma in na zauna kaina ya yi ta sara, sai na kwanta shika lafawa."

Maƙwabcina ya ce, "Gobe da safe ku wuce da shi Sakkwato. Kuma ko kusa kada ya fyace hanci."

A babban asibiti aka ɗauki hoton kansa. Na dami likitan da tambaya har ya juyo mini da hoton ya nuna da biro. Ya ce rufin hanci shi ne daɓen da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai, kuma ƙashin wurin siriri ne kamar ɓawon ƙwai. Bugun da ya isa ya karya ƙashin fuska ba a fuska yake tsayawa ba, yana wucewa ciki. Na Yaya ya tsaga wannan daɓen, ya kuma girgiza gaban ƙwaƙwalwar, shi ya sa yake maimaita tambaya. Baƙin idanun ma jini ne da ya gangaro daga tsagar. Ruwan kuwa, shi ne wanda ƙwaƙwalwa ke kwance a cikinsa.

Na ce, "Likita, to ba za ta bushe ba?"

Ya murmusa, ya ce jiki na yin sabon ruwa kullum. Abin tsoron shi ne ƙofar da ruwa ya fito, ta nan ƙwayar cuta za ta shiga, ta zama sanƙarau. Na tuna maganin murar da na aika a sayo, na sunkuyar da kai.

Aka kwantar da shi, kai a ɗage, ba sunkuyo, ba yunƙuri. Salla ma da ishara yake yi. Kafin mako biyu ruwan ya tsaya da kansa, ba a kai ga tiyata ba. Mantuwar ta ragu a hankali, ko da yake har yau bai tuna ranar da san ya buge shi ba. Labari ake ba shi. Bayan ya dawo gida ne muka gano ya daina jin ƙanshi da wari, ranar da tuwo ya ƙone yana zaune kusa da murhu bai sani ba. Likitan ya ce jijiyoyin jin ƙanshi ta wannan siririn ƙashin suke ratsawa.

Na je na ba matarsa haƙuri. Ta ce, "Ba komi, Malam. Ni dai wanki nika yi, shi ya sa nig gani."

Har yanzu abin na ba ni mamaki, yadda bangon da ke tsakanin fuskar mutum da hankalinsa bai kai kaurin farce ba. Duk wanda na ji ya karya hanci ko muƙamuƙi, kafin in dubi kumburin sai na tambaya ko ya suma, ko yana maimaita magana, kuma na fi tambayar mai jinyarsa.

Na kuma kasa daina gwada Yaya. Duk zuwana sai na kai masa wani abu hanci: citta, man shanu, ɓawon lemo. Kullum girgiza kai yake yi. Bara na miƙa masa daddawa, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Akwai wani abu can nesa," in ji shi. "Kada ka gaya mini. Bari in gane da kaina."