Mai Rago a Ƙofar Mizfa

Hogla tana kasa ɓaure a ƙofar garin Mizfa, idonta na kan wani dattijo da ke tsaye a mararraba, riƙe da igiyar rago. Dogo ne, ramamme, kuma da ganin rigarsa daga arewa ya fito. Hannayensa duk tsohon tabon wuƙa ne, irin na masu tsaga jikinsu a gaban gunkin Ba'al. A wuyansa ga shatin igiyar laya, amma layar babu. A ranta tana ganin mutumin nan ya binne wani nasa da ya rasu, wataƙila ba ɗaya ba.

Yana tsiyaya sauran ruwan salkarsa a tafin hannu, yana shayar da ragon, shi kuwa leɓensa a bushe. Can ya matso yana jan ƙafa.

"'Yata, ina hanyar Urushalima?"

"Ga ta nan ta yi kudu, Baba. Amma da wannan ƙafar taka? Ai Betel ta fi kusa, can ma ana yanka hadaya."

"Na je Betel, na je garin Dan. Babu tudun da ban hau na ƙona turare ba. Ko'ina ni kaɗai nake magana." Ya shafa kan ragon. "In na isa Haikalin Ubangiji, me ake cewa? Na manta yadda kakata take roƙonsa."

Hogla ta buɗe baki, sai ta tuna ɗan gunkin yumɓun da ta ɓoye ƙarƙashin kwandonta don ciniki. Ita ma ta manta yadda ake roƙonsa.

"Gaya masa abin da ka gaya mini, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ja ragonsa, ya kama hanya yana ɗingishi.