Tatin da Tati

A unguwar Yelwa ta Garwa, in ka ce kana neman gidan Malam Mahfuzu sai an yi ta 'yan tunane-tunane, amma kana cewa Malam Tiriginta ko mai moto, wato ɗan acaba, zai sauke ka a ƙofar gidan. Sunan ba na gado ba ne, kuma mai shi ba daɗinsa yake ji ba. Shi ya ƙera kalmar da bakinsa, mutane kuwa suka ɗauka suka liƙa masa.

Gidansu gidan kasuwa ne tun daga kakan da ya zo daga Katsina da fataucin tufafi, ya ga kogin Binuwai ya ce ya iso. 'Yan'uwan Mahfuzu duk suna da rumfuna a babbar kasuwa. Mahfuzu ne kaɗai kasuwa ta ƙi. In aka bar shi a rumfa mace ta tambayi atamfa, sai ya shiga tambayar ta ko ta san inda kalmar atamfa ta samo asali, kafin ya gama ta wuce rumfar gaba. Da mahaifinsa ya gaji, sai ya tura shi wurin wani kawunsa a Tignère ko Allah zai sa sanyin can ya daidaita masa kai. A can ya sami aikin wanke kwalabe a ɗakin maganin mishan, ƙarƙashin wani tsohon Bature, Fada Olivier. Tsohon bai taɓa yi masa zancen addini ba, shi ne ma yake tuna masa in azahar ta yi. Amma da ya ga saurayin yana tsayawa karanta rubutun jikin kwalabe, sai ya fara koya masa Latin, harshen da ya ce babu mai magana da shi yanzu sai magunguna. Mahfuzu ya sha shi kamar kunu, musamman ƙidaya.

Da ya dawo Garwa ya kama aiki a wani kantin magani, nan ya zauna har furfura ta fito masa. Mutum ne mai tsabta, mai gardama cikin ladabi, wanda in ya ce maka "ba haka ba ne" to ka nemi wurin zama. Bai yi aure da wuri ba, haihuwa ma ba ta zo da wuri ba. Da Kaltumi matarsa ta haifi Huda, mutumin da ba ya rasa abin faɗa kasa magana ya yi, sai hawaye.

Huda tana da shekara biyar sanƙarau ya kama ta, cikin zafin bazara irin na Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ta sha da ƙyar. Bayan ta tashi, Kaltumi ta lura in an kira yarinyar ta baya ba ta juyowa. Ta faɗa wa mijinta.

"Tunani ne ya yi mata yawa," in ji shi. "Ni ta biyo."

Haka ya ce, shi da ke ba rabin unguwa maganin ciwon kunne. Kaltumi ta sake tayar da maganar, ya ce taurin kai ne. Ta kuma tayarwa, ya tashi ya bar mata tabarmar. Daga nan ta yi shiru, gidan kuma ya koyi wata ɗabi'a ba tare da an zauna an shirya ta ba: duk mai magana da Huda sai ya zo gabanta. Yarinyar kuwa Allah ya ba ta ido. Ɗan abin da kunne ya tsinto sai ta haɗa da motsin leɓe, ta fahimci Hausa, ta fahimci Fillancin maƙwabta, har da Faransancin rediyon babanta in shi ya maimaita mata.

Lokacin da yayin sa yara a makarantun Ingilishi ya shigo Garwa, Malam Mahfuzu bai bari an bar shi a baya ba. Ya kai Huda wata makarantar kuɗi mai ji da sunanta, bai ce musu komai game da kunnenta ba, don a wurinsa babu abin faɗa. Huda ta ƙaunaci makarantar nan. Ita ke goge takalminta da kanta, ita ke tsayuwa a ƙofa tana jiran babanta ya gama shan shayi. Rubutu da karatu ba a kama ƙafarta. Sai da ta shiga aji huɗu aka fara lissafin ka, wanda malama ke faɗar lamba da baki yara su rubuta amsa. Nan yarinyar ta fara faɗuwa, faɗuwa mai muni. Malamar ajin, Madam Chantal, 'yar garin Kumba, ta aiko da saƙo cewa darakta, shugaban makarantar, ya ce in ba a ga canji ba zuwa ƙarshen zango, a nema wa Huda wata makarantar. Ranar Huda ba ta ci tuwo ba.

Washegari bayan la'asar Malam Mahfuzu ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ba ta allo da alli. Ya ce, "Tatin," wato goma sha uku da Ingilishi. Ta rubuta talatin. Ya ce, "Fifti," wato hamsin. Ta dube shi, ta rubuta goma sha biyar, ta goge, ta sake rubutawa, idonta ya kawo ruwa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya tsaya gaban madubin Kaltumi yana cewa tatin, tati, tatin, tati, ba da sauti ba. Leɓen bai nuna komai ba. Ɗan "n" ɗin da ke raba goma sha uku da talatin a can cikin baki yake ɓuya, bayan haƙora, inda ido ba ya kaiwa. Haka fotin da foti, haka sikistin da sikisti, har zuwa ƙarshe.

Wani uban da ya ga wannan da ya zauna ya riƙe kai. Malam Mahfuzu fitowa ya yi fuska a sake.

"Kaltumi, na gano mai laifin! Ingilishi ne. Harshe ne da aka gina shi da ganganci."

"To, Malam," in ji ta. Ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Abin da ya yi bayan nan, ko maƙiyinsa zai yarda akwai basira a ciki. Ya koma ga Latin ɗin Fada Olivier. A can goma sha uku tiredesim ce, talatin kuma tiriginta. Ta farko da rufe baki take ƙarewa, leɓe ya haɗu da leɓe, ta biyu da buɗe baki. Ko daga ƙofar gida ido zai raba su. Ya bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana datse masu tsawo, yana sassaƙe masu kaifi don su zauna a bakin Bahaushe. Goma sha biyar ta zama kwindesim, hamsin ta zama kwinginta. Huda ta haddace su kamar wasa. Ya faɗa ta rubuta, ya faɗa ta rubuta, babu kuskure ko ɗaya, tana dariya tana cewa ya ƙaro masu wuya. Bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Da ya tsaya nan da an ce uba ne mai dabara. Amma Malam Mahfuzu ba ya tsayawa. Ya ce tun da an fara gyara, a gyara duka. Ya ƙera wa dozin sabon suna, ya ƙera wa rabi da kwata, ya hau kan miliyan da biliyan ya ce su ma a leɓe tagwaye ne. Ya kai maganar majalisar da suke zama a gindin dalbejiya bayan sallah, yana bayani yana nuna bakinsa, wai nan gaba har Ingila za su gode masa. 'Yan majalisa suka sha dariya har da riƙe ciki, sunan Tiriginta kuma daga ranar ya bi shi. Babu wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa yake son a riƙa ganin lamba a leɓe, shi kuma bai faɗa ba.

A makaranta kuwa babu abin da ya canza, don babu mai cewa tiriginta a can. Ƙarshen zango na matsowa, Huda ta daina goge takalmi. Kaltumi ce ta fasa ƙwan wata safiya, bayan yarinyar ta fita.

"Malam, kalmominka sun yi kyau. Amma madam ɗin da bakinka za ta yi magana?"

"Zan je in koya mata."

"In ka je, ka gaya mata gaskiya."

"Wace gaskiya kuma?"

Kaltumi ta dube shi har ya kawar da kai. Tsoro yake ji, ita ma ta sani. Yana tsoron in makaranta ta sani za ta ce ba ta da wurin irin waɗannan yara. Ƙarƙashin wannan kuma akwai wani tsoron da ya fi shi girma, na jin kalmar da kanta tana fita daga bakinsa a kan 'yarsa.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi lokacin tashi. Ya tarar da Madam Chantal ita kaɗai a aji tana share allo, yara suna waje. Suka gaisa da Faransanci, tana ce masa mushe, wato malam, ya gabatar da kansa, ya shiga bayani. Ya kawo tarihin Latin, ya kawo sakacin Ingilishi, ya roƙe ta ta gwada faɗar tiredesim. Matar ta gwada, har ta yi murmushi, ba na raini ba.

"Mushe Mahfuzu, abin da ka yi yana da ban sha'awa. Amma jarrabawa da Ingilishi za a yi ta, ba ni da ikon canza shi. Kuma sauran yaran suna raba tatin da tati ba wahala."

"Da kunne suke rabawa. Ni ina maganar ido ne. Dubi bakina, madam, kin ga ya rufe?"

"Na gani. Abin da ban gane ba, me ya kawo ido cikin lissafin ka? Ni yawanci ma allo nake fuskanta in ina faɗar lambobin, yara bayana suke gani."

Malam Mahfuzu ya tsaya da baki buɗe. Bayanta suke gani. Ashe ko duniya duka ta karɓi kalmominsa, 'yarsa tana zaune ne tana kallon ƙeyar mace, tana jiran a juyo. Madam Chantal ta ajiye tsumman share allo tana jiran sa. Ta taga yana hango Huda a gindin bishiya, jakarta a cinya, yara na ihu kewaye da ita, ita kuwa idonta na bin bakunansu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta ji sosai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, mushe."

"'Yata kurma ce, madam. Tun tana shekara biyar. Sanƙarau ne."

Ya zauna a kan bencin yara ba tare da an ce ya zauna ba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Da Madam Chantal ta yi magana, fushi ne zalla a muryarta.

"Ka san sau nawa na sa yarinyar nan ta durƙusa a gaban aji? Ina kiran ta ba ta amsawa, na ɗauka raini ne. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ba ta ji ba. Me ya sa ba ku faɗa ba?"

Huda ba ta taɓa gaya masa ana sa ta durƙuso ba, kuma ya san dalili. A gidan da uba ya ce lafiyarta ƙalau, da wane baki za ta kawo ƙara? Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Madam Chantal ta ce ya jira. Ta tafi ofishin darakta, ta daɗe, har ya fara jin muryoyi suna tashi ta bango. Da ta dawo ta ce Huda za ta zauna. Za ta dawo da ita bencin gaba, za ta riƙa juyowa in za ta yi magana, lambobin kuma za ta nuna su da yatsu. Ta ce kuma ya kai ta asibiti a duba kunnen, tun da a kantin magani yake aiki ai ya san hanya. Ya karɓi wannan ma, ya yi godiya ya fita.

Suka kamo hanyar gida a ƙasa, rana tana dukan su. Da suka zo inuwar wani shago ya tsaya, ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a gabanta, yadda za ta ga bakinsa da kyau.

"Ba za a kore ki ba, uwata. Gobe a gaba za ki zauna."

Fuskarta ta washe. Ta tambaye shi ko madam ta yarda da kalmomin ne. Ya girgiza kai.

"A'a. Gaya mata na yi." Ya kama hannunta. "Na gaya mata kunnenki ba ya ji. Ki yi haƙuri, Huda, dole ce ta sa. Ban so ki san haka ba."

Yarinyar ta dube shi da mamaki. Sai ta sa hannu ta share masa gumin goshi da gefen hijabinta.

"Baba, ai ni na daɗe da sani," ta ce. "Na ɗauka kai ne ba ka sani ba, shi ya sa nake ɓoye maka."